Ayar da ke ƙasan hoto: aikinmu na watsa sujada kai tsaye

Shekara shida ke nan ina riƙe da wani ɗan kamfanin ɗaukar hoto da bidiyo a yankin Tudun Wada, kudancin jihar Kano, ni da yara biyu da nake koya wa aiki. Abincinmu na yau da kullum yana fitowa ne daga bikin aure da suna da walimar saukar karatu, amma ranar Lahadi ta majami'u ce. A ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa da Sumaila akwai ikilisiyoyin Hausawa da dama, na ECWA da na Baftis da sauransu, waɗanda 'ya'yansu suka watsu neman abinci ko karatu a Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Su ne suke haɗa kuɗi su ɗauke mu domin su kalli sujadar garinsu a Facebook, musamman lokacin godiyar kaka da Kirsimeti da Ista da taron zumuntar mata.

Na fara watsa sujada ne a shekarar 2020, lokacin kullen korona, da waya guda a kan sandar ɗaukar hoto. Saka ayoyi a kan hoto ya zo daga baya, kuma damina ce ta koya mini shi. Wata Lahadi ruwa ya sauko a kan kwanon rufi ana tsakiyar wa'azi, sai masu kallo suka cika wurin sharhi da tambaya ɗaya, wace sura, wace aya. Wanda ke cikin majami'a zai leƙa littafin na kusa da shi ya gane inda ake, amma wanda ke zaune shi kaɗai da waya a ɗakin haya a Legas ba shi da wanda zai leƙa.

Kayan aikin ba su da yawa: kyamara biyu, da kwamfutar cinya, da 'yar na'urar da ke shigar da hoton kyamara cikin kwamfuta, da kebul daga mikisar majami'a, wato na'urar haɗa sauti, domin ɗaukar murya, da batir da inbata, saboda ƙarar janareta tana shiga makirfo. Manhajar da muke amfani da ita OBS Studio ce, kyauta ake sauke ta, kuma tana ba mutum damar jera abubuwa wani bisa wani, hoton fasto a ƙasa, ɗan allo mai duhu a kansa, rubutun ayar a saman allon. Akwai manhajojin da aka ƙera domin majami'u, irin su EasyWorship da ProPresenter waɗanda ake biya, da OpenLP wadda take kyauta, kuma na gwada biyu daga cikinsu. Koyon danne-dannen bai wuce mako guda ba. Wahalar aikin tana wani wuri dabam.

Abu na farko shi ne sanin wane Littafi Mai Tsarki ne a hannun fasto. Cikakkiyar fassarar Hausa ta farko ta fito a 1932, kuma har yanzu akwai tsofaffin da ba sa rabuwa da ita. Daga baya aka sami sabuwar fassarar da galibin majami'unmu suke karantawa, sannan ga wadda ake kira Sabon Rai Don Kowa da matasa suke buɗewa a waya. Kalmomin sun bambanta, har sunayen littattafan ma, domin inda wata ta ce Yohanna wata Yahaya take cewa. Idan fasto yana karanta wata fassara ni kuma na ɗora wata, mai kallo zai ji wani abu da kunne ya ga wani abu da ido, kuma yawanci ba ni zai zarga ba, zai ɗauka faston ne yake tsallake kalmomi. Saboda haka nake da rumbu dabam-dabam a kwamfuta, kowace majami'a da nata, kuma nakan rubuta gajeren sunan fassarar a gefen lambar aya, domin fassara tana da masu haƙƙinta.

Sai maganar haruffa masu ƙugiya, wadda ta taɓa ba ni kunya. Ba kowane salon rubutu na kwamfuta ne yake ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba, kuma idan ya rasa su yakan saka wani ɗan akwati a gurbinsu ko ya aro harafin daga wani salon ya fito a karkace. Wata rana muna gaggawa, yarona ya ga akwatunan sun cika allo, sai ya yi dabara ya cire ƙugiyoyin gaba ɗaya. Ranar kuwa wa'azin daga Ibraniyawa sura 13 aya 2 yake, inda ake gargaɗi kada a daina karɓar baƙi, sai allonmu ya shaida wa duniya cewa a riƙa karɓar baki. Wani malamin firamare da ke kallo daga Zariya ya ɗauki hoton ya turo wa sakataren ikilisiya kafin a yi addu'ar rufewa. Haka ƙasa takan koma kasa, ɗa ya koma da, kuma a cikin nassi wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Tun daga ranar ba ma amfani da komai sai Noto Sans ko Andika, waɗanda suke da haruffanmu cikakku.

A ganina rabin aikin Lahadi ranar Asabar ake yin sa. Da yamma nakan hau babur in je gidan fasto, in gaishe shi, in ce, "Baba, ina son nassoshin gobe." Wasu suna da su a rubuce tsaf. Wani dattijo kuwa dariya ya yi mini ya ce, "Ɗana, uku zan ba ka, sauran sai abin da Ubangiji ya ba ni a kan bagadi." Gaskiya ya faɗa, domin washegari ya ja ayoyi sun fi goma da ka, daga Ishaya ya faɗa Romawa ya komo Zabura, ba tare da ya buɗe littafi ba. A irin wannan hali littattafai 66 da surori 1,189 suna gabanka, kuma daƙiƙa kaɗan gare ka kafin mai wa'azi ya wuce. Shi ya sa wanda nake zaunarwa a gaban kwamfuta ba shi ne ya fi iya na'ura a cikin yarana ba. Ƙaramin ne, wanda ya haddace jerin littattafan tun yana makarantar Lahadi, yana jin rabin jimla ya san inda aka dosa. Duk da haka mun taɓa ɗora Yahaya 3:16 alhali 1 Yahaya 3:16 ake karantawa, saboda kalmar "ta fari" ta ɓace cikin tarin fasto. Ƙa'idar da na kafa bayan haka ita ce, idan ba ka tabbata ba, ka bar allon babu komai.

Girman rubutu kuma waya ce take yanke hukunci a kansa, domin kusan duk masu kallonmu a waya suke. Layi biyu, in ya yi yawa uku, farin rubutu mai kauri a kan allo mai duhu, kuma a ƙasan hoto yadda ba zai rufe fuskar mai magana ko hannunsa ba. Doguwar aya irin Esta 8:9 sai an raba ta gida uku ko huɗu, kuma idan aka ce za a karanta wani yanki na Zabura 119 mai aya 176, dole in san tun jiya inda za a tsaya. Sabis ɗin intanet ma yana da ta cewa. Hoto mai tsabta da ake turawa a kilobit 2,500 kowace daƙiƙa yana cin data sama da gigabayit ɗaya a awa, sujadarmu kuwa takan kai awa uku, kuma a ƙauyukan da ke dab da dajin Falgore sau da yawa sai mun rage ƙarfin hoton kafin ya tafi. Da zarar an rage, siririn rubutu shi ne yake fara narkewa. Na kuma daina sa ayar ta shigo tana juyi ko walƙiya, ko da yake matasan kwamiti suna son hakan, domin yana ɗauke hankali daga karatun. Da fasto ya gama karantawa muke sauke rubutun mu bar lambar sura da aya kaɗai.

Dattawan ikilisiya sukan tambayi dalilin da kuɗin sujada mai ayoyi ya fi na ɗaukar hoto zalla, tunda a idonsu kyamara ɗaya ce da mutum ɗaya a zaune. Nakan nuna musu littafin da nake rubuta nassoshi, da man babur na Asabar, da awa biyu da muke yi da dare muna gwada kowace aya da littafin faston harafi da harafi, kuma mafi yawansu sukan gamsu. Mako mai zuwa muna da godiyar kaka a wani ƙauye ta wajen Doguwa, faston ya riga ya turo nassoshi bakwai ta WhatsApp, biyu daga ciki Yahaya kawai ya rubuta, don haka sai na kira shi da yamma in ji ko bishara yake nufi ko ɗaya daga cikin wasiƙu ukun.