Wasiƙa Daga Edinbara Ga Masu Son Kafa Ƙaramin Ofishin Tallata Ayyukan Fasaha

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne saboda tambayar da matasa da dama suke turo mini, musamman waɗanda suka karanta aikin jarida a Kano da Zariya da Maiduguri, game da sana'ar da nake yi a nan Edinbara, babban birnin Scotland a Birtaniya, wato hulɗa da manema labarai a madadin 'yan wasan kwaikwayo da marubuta da mawaƙa da masu zane. Yawancinsu suna tambayar nawa ne jarin da ake buƙata. Na kuɗi kaɗan ne, kwamfuta da waya sun isa. Jarin da yake da wuyar tarawa shi ne editan jarida ya ga sunanka a kan saƙo ya buɗe, domin ya san ba ka taɓa ɓata masa lokaci ba.

Bikin Fringe ne ya mayar da garin nan makarantar wannan sana'a. A 1947, lokacin da aka fara babban bikin fasaha na ƙasa da ƙasa na Edinbara, wasu ƙungiyoyin wasan kwaikwayo takwas da ba a gayyata ba suka zo suka yi nasu wasannin a gefe, kuma har yau babu kwamitin da yake tantance masu shiga, duk wanda ya sami zaure ya biya kuɗin rajista yana iya zuwa. Shi ya sa a shekarun nan wasanni fiye da 3,000 suke haɗuwa cikin makonni uku na watan Agusta, alhali masu sharhin da jaridu irin su The Scotsman da The Guardian da The Stage suke turowa 'yan tsiraru ne. Ƙaramar ƙungiyar da ta ci bashi ta zo tana iya yin wasanta a gaban kujeru babu kowa, ba don wasan ba shi da kyau ba, sai don ba wanda ya ji labarinsa. A wannan giɓi muke neman abincinmu.

Abu mafi wuya ga sabon shiga shi ne ƙin karɓar aiki. Mutum yana da kuɗin haya a wuyansa, ga wani ya zo da kuɗi a hannu, amma da ka karanta rubutun wasan ko ka kalli atisayensa sai ka ga bai nuna ba. Maroƙi yana iya wasa duk wanda ya miƙa masa hannu, kuma masu sauraro sun san haka. Kai kuwa idan ka sa mai sharhi ya ɓata sa'a guda a cikin ranar da yake kallon wasanni biyar ko shida, a kan abin da kai ma ka san bai kai ba, to saƙonka na gaba ba zai buɗe shi ba, kuma wanda zai yi asara shi ne mai wasan kirkin da za ka wakilta gobe. Ni dai ban yarda mutum ya ɗauki aikin da ba zai iya kare shi a gaban edita ido da ido ba.

Sai kuma lokaci. Kundin shirye-shiryen bikin yana fitowa ne a farkon Yuni, kuma editoci suna tsara abin da za su kalla tun kafin Agusta ta kama, saboda haka wanda ya fara aika sanarwa a makon buɗewa ya riga ya makara. Ita sanarwar kada ta wuce shafi ɗaya. Jimlar farko ta faɗi abin da wasan ya ƙunsa da dalilin da ya sa ya dace a yi maganarsa yanzu, sannan wuri da rana da sa'a da kuɗin tikiti su biyo baya a sarari. A haɗa da hoto mai kyau, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, tare da sunan mai ɗaukar hoton, domin sau da yawa shafin jarida yana da gurbi ɗaya da ya rage, kuma wanda hotonsa ya dace da gurbin shi ne yake shiga. Kada kuma a tura saƙo iri ɗaya ga kowa. Mai rubutu kan raye-raye ba ruwansa da wasan barkwanci.

Idan sharhi ya fito da taurari huɗu ko biyar, wato makin da masu sharhi suke ba wasa wanda biyar ne ƙololuwarsa, a safiyar nan za ku ga 'yan ƙungiya zaune a ƙasa a bakin zaure da almakashi, suna yanka ƙananan takardu masu ɗauke da taurarin da sunan jaridar, suna maƙala su a jikin takardun talla kafin a fita rabawa a titin Royal Mile, sau tari cikin yayyafi. A nan ma akwai amana. Ana samun masu tsinto kalma ɗaya ta yabo daga cikin sharhin da ya kushe wasan su manna ta a bango, kuma masu sharhin suna bin titin nan, suna gani, ba sa mantawa.

Maganar kuɗi a yi ta tun farko, a rubuce. Yarjejeniya ta fayyace iyakar aikin da tsawon lokacinsa, a karɓi rabi kafin alƙalami, kuma kada a yi alkawarin taurari ko lambar yabo irin ta Fringe First da The Scotsman take bayarwa tun 1973, domin ba a hannunka suke ba. A Birtaniya mai zaman kansa yana rajista da hukumar haraji ta HMRC, kuma sai cinikinsa ya haura fam 90,000 a shekara rajistar harajin VAT take zama dole. Ɗalibanmu da suke nan su lura cewa bizar karatu ba ta ba su damar yin sana'ar kansu ba.

Girman ofis kuwa ya dogara ne da abin da ka yi da sauran watanni goma sha ɗaya. Agusta tana kawo kuɗi a dunƙule, sannan kasuwa ta yi sanyi, don haka dole a nemi masu biya wata-wata: ƙaramin gidan nuna zane, ko kamfanin buga littattafai, ko mawaƙan da suke shirin bikin Celtic Connections na Gilasgo a watan Janairu. Kafin a ɗauki ma'aikaci na dindindin, gara a fara da mai taimako na lokacin biki kawai.

A gida, rediyo ya fi jarida isa ga jama'a, kuma bukukuwan littattafai da fasaha irin su KABAFEST da HIBAF da aka fara a Kaduna sun nuna cewa akwai masu fasaha da masu sauraro, abin da ya yi ƙaranci shi ne mai haɗa su. Abin da nake ji muku tsoro shi ne ambulan kuɗin mota da ake miƙa wa 'yan jarida don su ba da labari. Na san halin da 'yan jarida da yawa suke ciki na ƙarancin albashi, kuma ba na ɗora musu laifin duka, amma labarin da aka saya kowa yana iya sayen irinsa, kuma marubucin da bai da ko sisi shi ne zai rasa shiga. Ku yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ku saurari shirye-shiryen adabi da nishaɗi har ku san abin da kowane mai gabatarwa yake so, sannan ku nemi marubuci ɗaya da littafinsa zai fito nan da wata uku, ku karanta littafin tun daga bango har bango kafin ku buga wa kowa waya.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Edinbara