Godiya ga waɗanda suka riƙe mana yara a Babbar Sallah

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin zumuncin gidanmu na Zariya, muna gode wa Allah da ya sa aka yi kwana biyar tare, da yara 31 a gida ɗaya, aka watse ba a kai kowa asibiti ba.

Godiya ta farko ga Goggo da Inna, sai facalolin da ke zaune a gidan, waɗanda suka haɗiye ɓacin ran ranar yanka. Ba sai an ɓoye ba, an samu saɓani. 'Yan'uwan da suka zo daga Abuja da Kaduna da Maraɗi sun ɗauka hutu suka zo, ga kakanni ga 'yanmata, yara ba za su rasa mai duba su ba. Matan gida kuwa suna kan wanke tumbi da hanji, washegari suya tun asuba. Mace da ke gaban kasko ba ta da idon waiwaye. Ana cewa ɗa na kowa ne, amma a gida mai rijiya da ƙofa biyu, kowa sai ya zaci yaron yana hannun wani. Ga kuma alkunya: uwar ɗan fari ba za ta tsaya gaban surukai tana tambayar wa ke riƙe da ɗanta ba, sai ta yi shiru tana cin rai.

Mun gode wa Kawu da ya tara kowa bayan isha'i ya raba aikin. An kasa yini uku: asuba zuwa azahar, azahar zuwa magariba, magariba zuwa kwanciya. Kowane kashi babba ɗaya da 'yanmata biyu, an rubuta sunayensu an manna a bakin zaure. Wadda ke riƙo ba ta taɓa wuƙa ko kasko, kuma ba ta tashi sai ta ƙirga yaran a gaban mai karɓarta. Wannan ƙirgar ce ta fi komai amfani, domin yaro yakan ɓace ne a lokacin canjin hannu, ko lokacin sallar magariba da tsakar gida ke zama wayam. Jariri da wanda bai kai shekara biyu ba yana wurin uwarsa. Yarinyar da ba ta kai shekara 12 ba, ba a ɗora mata goyo ta fita waje da shi.

Abu biyu suka fi jawo magana. Na farko 'yar aikin da Yaya ta zo da ita, wadda kafin la'asar ta zama ta kowa, wannan ya aike ta wancan ya miƙa mata jariri. An tsayar cewa sai an nemi izinin uwar ɗakinta, kuma an haɗa mata goron Sallah na daban. Na biyu maganar bugun yara. Tsawa kowane babba zai iya yi, amma hukunci a kai wa iyaye. Wasu manya ba su ji daɗin wannan ba, sun ce ba haka aka rene mu ba, duk da haka suka bi. Allah ya saka musu.

Godiya ga Anti ma'aikaciyar jinya. Ita ta sa aka kewaye murhun suya da benci, aka rufe rijiya da murfi da dutse, aka kife bokitan ruwa, don ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe. Da mai ya fantsa wa wani yaro a hannu, ta hana a shafa manja ko man goge baki, ta sa hannun cikin ruwa mai sanyi minti 20. Yara huɗu da nama ya ɓata wa ciki ta haɗa musu ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ana ba su kaɗan kaɗan bayan kowace fita.

Baffa kuma ya kwashi maza tara zuwa kallon Hawan Bariki, kowanne da lambar waya a takarda cikin aljihu, ya dawo da tara. Sauran iyaye maza da suka yini a zaure suna koro yara da "je wurin mamanka", baɗi da sunayenku a takardar rabon aikin.

An tsinci takalmin yaro ƙafar hagu, da bulumboti biyu, da hula ɗaya, suna ɗakin Inna. Allah ya maimaita mana.