Darussa daga haɗa dandamalin jirage mai iyo a kan ruwa

Tambayar farko da mai aiki yakan yi idan ya zo wajen kafintoci da masu walda a Nima ko Ashaiman, a yankin Accra na Ghana, ita ce, "Malam, durom nawa zan saya?" Ita ce kuwa mafi sauƙin amsa a duk aikin. Ba kasafai dandamali yake nutsewa don ƙarancin durom ba. Inda yake lalacewa shi ne duk wurin da abu biyu suka haɗu kuma kowanne yana motsinsa daban: tsakanin ɓangare da ɓangare, tsakanin dandamali da sarƙarsa, tsakanin gadar hawa da gaɓar ruwa.

Dalilin da ya sa ake son mai iyo a Ghana a bayyane yake. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, Tafkin Volta bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Ma'aunin tsayin ruwa da ake aiki da shi a madatsar yana tsakanin ƙafa 240 da ƙafa 276, tazarar kusan mita 11 ke nan. A 2007 ruwan ya sauka ƙasa da 240, a 2023 kuma ya cika har aka buɗe ƙofofi daga 15 ga Satumba, ambaliya ta ci Mepe da garuruwan da ke ƙasan madatsar. Wanda ya zuba matakalar kankare a Yeji ko Dambai ko Kpando Torkor, wata shekara ya tarar da ita a tsakiyar yashi, wata shekara a ƙarƙashin ruwa.

Lissafin durom ga yadda yake. Durom ɗin roba mai shuɗi na lita 200 yana ture ruwa kilo 200 idan ya nutse baki ɗaya, nauyin kansa kuma wajen kilo 10 ne. Faɗinsa kimanin santimita 58, tsawonsa 90 da 'yan kai. Ɓangaren da ya fi daɗin aiki shi ne mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2.4, don yana hawa bayan babbar mota ba tare da ya leƙo ba, kuma yana ɗaukar durom tara a kwance, layi uku, uku-uku. Tara sau 200 ya ba da kilo 1,800. Katakon firam da na daɓe, idan mai nauyin kilo 700 ne a kowace mita kubik, zai kai kilo 240. Ƙarafa da noti wajen 30. Durom ɗin kansu 90. Tun kafin kowa ya taka, kilo 360 sun tafi.

Kada a ce to saura 1,440. Durom a kwance zagaye ne, ya fi faɗi a tsakiyarsa. Kafin ruwa ya kai rabi, kowane santimita da ya nutse yana ƙara masa ƙarfin ɗauka. Da ya wuce rabi sai abin ya juya, kaya kaɗan su dulmiya shi da yawa. Shi ya sa ake ganin dandamali yana tsaye lafiya da mutum bakwai, na goma ya hau gefe ɗaya ya nufi ruwa nan take. Iyakar kayan yau da kullum rabi ce, kilo 900, a cire 360, saura 540: manya bakwai, ko buhun siminti tara da mai dako. Abin da ya rage ajiya ce don ranar da kwale-kwale ya iso kowa ya ruga gefe guda, kuma wannan ranar tana zuwa kowace kasuwa. Layuka biyu na gefe su zauna a can bakin firam, don faɗin da ke tsakaninsu shi ke hana kifewa. Duk abin da faɗinsa bai kai mita 2 ba, kada a bar jama'a su hau shi shi kaɗai.

Gwaji ba ya bukatar mutane. Galan ɗin Kufuor mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ne. A jera 22 a ko'ina a auna tsayin daɓe daga ruwa a kusurwa huɗu, sannan a tattara rabinsu a gefe ɗaya a sake aunawa. Ba kaya, daɓen zai tsaya wajen santimita 50 sama da ruwa, da cikakken kaya ya sauko kusan 35. Wannan tsayi ya dace da bakin yawancin kwale-kwale.

Durom kansa yana da halinsa. Idan aka rufe murfinsa da tsakar rana, iskar ciki ta yi zafi, da ya shiga ruwa ta huce sai ya loɓa, ya riƙa zuƙar ruwa ta zaren murfin kaɗan-kaɗan. A rufe da sassafe, a duba robar murfin, a shafa man silikon a zaren, a gwada da ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa. Murafun biyu su kwanta gefe da gefe, kada ɗaya ya zauna a ƙarƙashin ruwa dindindin. A tambayi abin da durom ya taɓa ɗauka. Na maganin feshi ba ya shiga ruwan da mutane ke sha kuma ake kiwon tilapiya a cikinsa, ko an wanke shi sau nawa. Wasu suna cusa farin soso na kwalin firji a maimakon durom don arha. Man premix na injin kwale-kwale yana narkar da shi, abin da ya saura kuma ya marmashe ya cika bakin ruwa.

Wajen zaunar da durom, a bar tazarar santimita 45 tsakanin katako biyu masu inci biyu da shida, sai bayansa ya shige ciki wajen santimita 10, ya kasa mirginawa. A ɗaure da bel na poliyesta ko igiyar nailan mai kauri, a ƙarƙashin inuwar daɓe. Igiyar roba mai arha ta kasuwa rana takan cinye ta ta zama gari. Allunan da ke saman maɗauri a kafa su da sukuru, don ranar da durom ɗaya ya huje a ciro shi ba tare da an janyo dandamalin duka zuwa tudu ba.

A Timber Market, kasuwar katako ta Accra, za a nuna maka katakon da ake kira wawa, mai sauƙi, mai arha. Na katakon zuba kankare ne, ba ya jure jiƙa da bushewa. Kusia da odum su ne na wannan aiki, duk da odum ya yi tsada. Dahoma ma yana yi a daɓe. Kaku ya fi su duka ƙarfi, amma ya fi ruwa nauyi, idan aka yi firam da shi ya cinye kason fasinja, sai dai a sa shi a gefen da jirgi ke goga. Waɗannan itatuwa ba a buga musu ƙusa kai tsaye, a fara huda da diril. A bar milimita 6 zuwa 8 tsakanin allunan daɓe don ruwa ya zurare.

Mahaɗa ita ce inda kuɗi ya kamata su tafi. Idan raƙumin ruwa ya zo, yana ɗaga ɓangare na farko lokacin da na biyu bai tashi ba. Wanda ya ɗaure su ƙam da ƙarfe, ya sa wa noti aikin lanƙwasa sau dubbai a yini, ko dai notin ya karye ko ramin katako ya buɗe. Wanda kuma ya haɗa su da igiya sako-sako, sai su riƙa karo da juna har kusurwa ta farfashe, ga haɗarin ƙafar yaro ta faɗa tsakani. Abin da ke aiki shi ne hinji biyu a kowace mahaɗa, ɗaya kusa da kowace kusurwa, da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6 zuwa 8 da sandar tsakiya mai milimita 20. Biyun su zauna a kan layi ɗaya tak, a ja zare a tabbatar, don in ɗaya ya ɗara ɗaya ko da santimita guda ne za su riƙa murɗa firam duk sanda ruwa ya motsa. Hinji na uku a tsakiya ba ya ƙara komai sai cijewa. Notin milimita 12 ya ratsa katako ya fita ta baya, ya kama wani farantin a ciki. Sukuru mai kaifin baki da aka murɗa cikin itace kawai yakan zare. A bar tazarar santimita 5 tsakanin ɓangarori, a rufe ta da yankin bel ɗin roba da aka kafa a gefe ɗaya kaɗai.

Kuma duk ramukan a huda su da ma'auni guda. A yi farantin gwaji ɗaya a shago a Accra, kowane ɓangare a ɗora masa shi a huda. In ba haka ba, a bakin ruwa za a gane na uku ba ya shiga na biyar, babu wuta, babu injin walda, mota kuma ta juya.

Batun tsatsa ya danganta da inda za a kai aikin. A tafki, ƙarfen da aka tsoma a narkakken zinki yana daɗewa. Noti mai ƙyalƙyali na shagon kayan gini shafe ne kawai aka yi masa, ba ya kai ko'ina. A gama walda tukuna kafin a kai a tsoma, don walda tana ƙone zinkin, hayaƙinta kuma yana sa zazzaɓi. A Ada Foah, inda Volta ke shiga teku, gishiri ya canza lissafi: ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316 ake nema, 304 yakan yi ramuka, kuma kada a haɗa shi da alminiyam ba tare da roba a tsakani ba, alminiyam ɗin ne zai ci kansa. A can akwai tsutsar ruwan gishiri mai huda katako, saboda haka kada wani itace ya zauna a cikin ruwa.

Sai abin da zai riƙe dandamalin. Kankare yana rasa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa a ruwa. Dunƙulen da kowane gefensa santimita 60 ne ya haura kilo 500 a tudu, a ƙasan tafki kilo 300 ne. Gara a zuba shi da faɗi, a fito da guntayen rodi a ƙasansa su kama laka. Sarƙa mai milimita 10 ko 12, tsawonta aƙalla ninki uku na zurfin ruwa, kuma zurfin lokacin da ruwa ya fi cika ake nufi. Wanda ya auna a Yuni ya yanke daidai, kafin Nuwamba sarƙar ta miƙe ta fara jan kusurwa zuwa ƙasa. Nauyin sarƙar da ta yi lanƙwasa shi ke shanye fizgar iska. Sarƙoƙin ƙarshe a gicciya su, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, sai lilo ya ragu kuma farfelar jirgi ba ta same su ba. A ɗaure fil ɗin kowane maƙalli da waya, don motsi yana kwance shi a hankali. Kafin a jefa komai a lalubi ƙasan da gora, Tafkin Volta cike yake da kututturan dajin da ruwa ya shanye, sarƙa in ta naɗe ɗaya ba ta ƙara sakewa.

A Ada, inda hawa da saukar teku ba ya kai mita 2, turakun da aka kafa a ƙasa da zobe mai zamewa sun fi sarƙa. A tafki kuwa matsalar ta kwance ce. Idan gaɓa tana gangara mita ɗaya a cikin 20, ruwa ya sauka mita 3, bakin ruwa ya ja baya mita 60. Dole dandamalin ya bi shi. Ana barin rarar sarƙa da abin naɗewa na hannu, a kuma ɗora wa mutum ɗaya sananne alhakin matsar da shi duk mako biyu ko uku. Idan aka bari ya zauna a kan duwatsu, durom ɗin ƙasa ne ke fashewa.

Gadar hawa tana da hinji a tudu, da taya a ƙarshen da ke kan dandamali, tana gungurawa a kan farantin ƙarfe. In aka ɗaure ƙarshen biyu, ruwa zai tumɓuke ɗaya. Gangararta kada ta wuce ɗaya cikin huɗu a lokacin da ruwa ya fi ƙasa: saukar mita 1.5 tana son gada mai mita 6, kuma ga mata masu ɗauke da kwandon kifi a ka, in ta fi haka tsawo ya fi. Rabin nauyinta yana kan ɓangaren farko, saboda haka tayar ta sauka can ciki, ba a bakin firam ba, ko a ɗaura wa ƙarshen gadar durom biyu nata. A kafa 'yan sanduna a gicciye duk santimita 35 saboda santsi.

Akwai kuma akwatunan roba da ake shigowa da su, masu santimita 50 da 50 da tsayin 40, huɗu a kowace murabba'in mita, suna ɗaukar wajen kilo 350. Ba sa tsatsa, haɗa su ba wuya, amma da dala ake sayensu, suna lanƙwasa da kowane raƙumin ruwa, kuma fil ɗin haɗinsu in ya ɓace ba a samunsa a kasuwar Dzemeni da ke bakin tafkin. Mai saya ya ƙara na ajiya tun farko. Ko wane iri ne, ba a kafa shi a buɗaɗɗen bakin teku irin na Labadi a Accra, kuma a tafki a nemi lungu, don guguwar farkon damina tana tada ruwa cikin mintuna.

Masu haɗawa kada su wuni tsaye cikin ruwan gefe mai ciyayi, akwai tsargiya a Volta. A haɗa a tudu, a kife, sannan a juya a tura. Fitila ta zama mai aiki da hasken rana, kada a ja waya daga gida. Kafin mota ta tashi daga Accra a gama magana da sarkin garin da shugaban masunta da majalisar gunduma, a kuma tuntuɓi Volta River Authority, hukumar da ke kula da madatsar, da Ghana Maritime Authority, hukumar sufurin ruwa. A Tafkin Bosomtwe kusa da Kumasi, inda masunta ke hawa gungumen padua saboda tsohuwar al'adar da ta hana ƙarfe taɓa ruwan, wannan magana ita ce farko. Bayan kafawa da wata ɗaya a koma a ƙara ɗaure kowane noti, don katako yana bushewa ya saki, a ƙwanƙwasa durom ɗaya bayan ɗaya a ji wanda ya sha ruwa, a ɗago mita biyun farko na kowace sarƙa a duba inda ta fi gogewa.