Yadda na rubuta waƙar daka ta Goggo a LilyPond

A hutun damina da ya wuce na zauna a gidanmu na Garwa da niyyar rubuta waƙar da Goggo take rerawa idan tana daka gero, domin ita kaɗai ta rage a zuriyarmu da ta riƙe muryar waƙar daidai. Na ɗauki muryarta a waya, sannan na buɗe LilyPond, manhajar da wasu 'yan Holan biyu, Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen, suka fara a 1996, wadda ake rubuta mata sautuka da haruffa, ita kuma ta fitar da su a kan layuka biyar na rubutun kiɗa.

Wahalar farko ta sunayen sautuka ce. Mu da muka yi makarantar Faransanci do, re, mi muka sani, manhajar kuwa c, d, e take jira, sai da na sa mata umarnin \language "italiano" kafin muka fahimci juna.

Inda na sha wuya shi ne oktaf, wato tazarar da ke tsakanin do da do na samansa. Waƙafin sama yana ɗaga sauti oktaf guda, na ƙasa yana saukar da shi, kuma do' shi ne do na tsakiya. Na zaɓi tsarin \relative saboda yana rage yawan alamomi, ba tare da na lura cewa a cikinsa manhajar tana ɗaukar kowane sauti a wuri mafi kusa da wanda ya gabace shi ba. Muryar Goggo tana tsallakawa daga do zuwa sol na sama, hawa biyar ke nan, alhali sol na ƙasa hawa huɗu ne kawai, don haka manhajar ta gangara, duk sautukan da suka biyo baya suka gangara tare da ita.

Da na kunna wa Goggo abin da manhajar ta fitar, sai ta girgiza kai ta ce: "Ɗan nan, wannan ba muryar mai daka ba ce, a nan wurin ne taɓarya take tashi sama." Na ce: "Goggo, ki ƙara rera mini." Ta rera, na ƙara waƙafi ɗaya a kan sol, waƙar ta miƙe.

Tun ranar nake sa alamar tantancewa, do=', a farkon kowane layi, domin manhajar ta gargaɗe ni idan na kauce. Saura baiti biyu, kuma Goggo ta ce in zo bayan la'asar.