Saƙon Godiya Bayan Darasin Sarrafa Kwalba a Makarantarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin malaman makarantarmu da ke Anguwar Rogo a nan Jos, ina miƙa godiya ga duk waɗanda suka taimaka har ɗaliban aji biyar da na shida suka ga yadda fasasshiyar kwalba take komawa sabon abu, bayan sun daɗe suna karanta hakan a littafi bai zauna musu ba.

Iyaye mata ne suka fara taimaka mana, domin sun aiko da kwalabe a wanke, alhali kowa ya san a gidajenmu ba a cika yar da kwalba ba matuƙar za ta iya ɗaukar gyaɗa ko man ja. Allah Ya saka musu da alheri.

Godiyar da ta fi nauyi a wuyana ta 'yan jari bola biyu ce da suka bar sana'arsu yini guda suka zo daga wajen Dilimi. Su ne suka zaunar da yara a bakin tabarma suka koya musu ware kwalabe bisa launi, farare daban, koraye daban, masu ruwan ƙasa daban, sannan suka tsince fasasshen tangaran da madubi da ƙwan fitila suka ajiye gefe, suka ce mai saye ba ya karɓar buhun da aka gauraya da su. Malamar kimiyya ta ɗora da dalili: tangaran ba ya narkewa a zafin da kwalba take narkewa, don haka yakan maƙale a jikin sabuwar kwalba ya raunana ta. Ba zan ɓoye ba, cikin yaran nan akwai waɗanda suke yi wa masu tura kurar bola ba'a a kan hanya, amma a ranar na ji su suna cewa “Baba, wannan wane buhu za a sa?”

Muna kuma godiya ga dattijon da ya taso daga unguwar Masaga ta garin Bida a Jihar Neja, inda Nufawa suka gaji narkar da gilashi tun kaka da kakanni, garin da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin biranen fasahar hannu a 2021. Ya gina ƙaramin murhun yumɓu a bayan aji, ya hura shi da zugazugi, ya ɗebo narkakkiyar koriyar kwalba a kan sandar ƙarfe yana juyawa har ta zama dutsen wuya. A nan ne yara suka fahimci abin da aka faɗa musu, cewa masana'anta tana haɗa yashi da sinadarin soda da farar ƙasa ta dafa su a zafin da ya kai kusan digiri 1,500 a ma'aunin Celsius kafin a sami gilashi, amma ɓarzajjiyar tsohuwar kwalba takan narke a ƙasa da haka, shi ya sa zuba ta a tanderu yake rage cin makamashi, kuma ko sau nawa aka narkar da ita ingancinta ba ya raguwa.

Wata yarinya ta yanke a yatsa saboda safar hannun da muka tanada ba ta ishi duka yaran ba. Wannan sakacinmu ne, kuma muna neman afuwar iyayenta. Muna godiya ga uwar wani ɗalibi, ma'aikaciyar jinya, da ta wanke ciwon ta ɗaure nan take. Yarinyar ta warke, ta dawo aji.

Duwatsun wuyan suna ofishin shugaban makaranta ga iyayen da suke son gani, buhunan kwalaben da suka rage kuwa mun bar wa 'yan jari bolan nan biyu su sayar. Allah Ya saka wa kowa da alheri, amin.