Dogo ya cije ni

Yau akuna Dogo ya cije ni a babban yatsan dama, daidai gindin farce. Ba irin ɗan tsunkulin da ya saba yi in muna wasa ba, cizo ne na gaske, har jini ya ɗiga a ƙasan keji.

Da safe kuwa lafiya lau muka tashi. Ya yi ta kwaikwayon tarin Baba har Umma ta leƙo tana dariya. Wajen canza masa ruwa ne abin ya faru.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, sai da ya gargaɗe ni. Na ga baƙin idonsa yana tsukewa yana buɗewa, gashin ƙeyarsa ya miƙe, ya sunkuyar da kai yana wannan gurnanin nasa na can cikin maƙoshi. Shekara 7 muna tare, na san ma'anar kowanne. Sauri nake yi, na ce bari in zura hannu in ɗauko kwanon kawai. Ga shi jiya baƙi sun kai dare, fitila a kunne a kansa, alhali aku na bukatar barcin awa 10 zuwa 12 a cikin duhu. Da ya kama kuma sai na fizge hannun, fizgar ce ma ta ƙara yaga fatar. Bakin da a daji yake sarrafa kwakwar manja, me yatsa zai yi masa?

Na wanke da sabulu a ƙarƙashin famfo wajen minti biyar, na danne har jinin ya tsaya. Da rana na je aka yi min allurar tetanus, don ta ƙarshe ta wuce shekara 10. Ma'aikaciyar jinyar ta ce in sa ido ko wurin zai kumbura, ya yi ja ko ya tara ruwa, tunda kusa da gaɓa ne. Tsuntsu dai ba ya ɗauke da cutar haukan kare, wannan ya kwantar da hankalin Umma. Akwai zazzaɓin aku da ke zuwa da ciwon kai da busasshen tari cikin kwana 5 zuwa 14, amma shi an fi kamuwa ta shaƙar ƙurar busasshen kashinsa, da wuya a same shi ta cizo.

Da yamma Yaya ta zo ɗaukar Mimi. Tana ganin bandejin ta ajiye jaka.

"Ke dai ba kya ji. Da Mimi ce fa?"

Na ce, "Yaya, laifina ne, shi ya nuna min ba ya so."

"Mimi ta san wani nuni? Shekararta uku. Ko dai ki bayar da shi, ko ki kai a rage masa bakin nan."

Maganar rage baki ta ɓata min rai ƙwarai. Na ce mata bakin aku ba farce ba ne, akwai jijiyoyi da jini a ciki. Da shi yake ci, da shi yake gyara gashinsa, da shi yake hawa kamar ƙafa ta uku. Ko hannu ka miƙa masa, da baki yake fara taɓawa ya ji ko zai ɗauke shi, mutane da yawa nan suke firgita su ce zai cije su. Bayarwa kuma, tsuntsun da kan yi shekara 40 zuwa 50 a hannun mutum, in aka raba shi da wanda ya saba da shi wani har fige gashin kansa yake yi.

Yaya ba ta yi musu ba. Cewa kawai ta yi, "Je ki duba inda fuskarta take kaiwa in ta tsaya a gaban kejin."

Bayan sun tafi na je na durƙusa a wurin, daidai tsayin Mimi. Idona da sandar da yake zama a kai, tazarar ba ta fi taƙi ɗaya ba. Jikina ya yi sanyi. Sau nawa ta manna hanci a jikin wayar kejin tana kiran sunansa, ni ina gefe ina jin daɗi? Ni kaina sau nawa na bar shi a kafaɗata, kusa da kunne da leɓe, inda ba na iya ganin idonsa balle in karanta shi?

Na kasa cin abincin dare. Yatsan sai zugi.

Ni da Baba muka ɗaga kejin muka ɗora a kan dogon teburin nan, muka matsar da shi lungun da ba a yawan wucewa. Hawa kafaɗa kuma na soke shi daga yau. In zan canza ruwa, sai ya fara hawa sanda ya fito tukuna.

Ƙarfe takwas na zo rufe shi da zane, ya matso jikin waya ya karkato da kai, irin yadda yake yi in yana son a sosa masa. Na daɗe a tsaye ina kallon idonsa. A natse yake, gashinsa a kwance. Na sa hannun hagu na sosa masa ƙeya kaɗan, hannun yana rawa, sannan na kashe fitila.