Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Sakan Talatin na Makaɗin Titi

Makon jiya mun tsaya a ranar da jita ta fara fita daga ɗaki zuwa bakin hanya. Wannan makon zan ɗan jingine labari, in baje muku yadda aikin yake, don wanda bai san yadda ake tsayuwar ba zai sha wahalar gane abin da ke tafe.

Mai tafiya a ƙasa yana cin kusan mita ɗaya da rabi a sakan guda. Idan sautinka yana kai mita 20 ta dama, mita 20 ta hagu, tsakanin ya fara jin ka da ya daina jin ka bai wuce sakan 30 ba. A ɗan wannan taƙin zai ji, abin ya burge shi, ya laluba aljihu, ya sunkuya. Duk shirin makaɗin titi a kan rabin mintin nan yake.

Sabon shiga yakan ruga inda ya ga cunkoso, alhali yawan ƙafa daban, kasuwa daban. A watan Janairun 2007, shahararren mai gogen Turawa Joshua Bell ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta L'Enfant Plaza a birnin Washington da sassafe, lokacin da ma'aikata ke hanzarin zuwa ofis. Ya yi kusan minti 43 yana kiɗa, mutum 1,097 suka wuce, bakwai kacal suka tsaya sauraro. Gwaninta ba ta tsayar da wanda ya makara. Ka nemi inda ƙafa take sassautawa da kanta: dandali, bakin wurin shaƙatawa, titin da aka hana mota shiga, inda ake zaman jira. Yamma da ƙarshen mako sun fi safiyar aiki.

In ka samu wurin, ka ba bango baya. Amfaninsa biyu: yana mayar da sauti gaba, kuma ba mai zagayowa ta bayanka. A fili sauti yana raguwa da desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti) duk sanda nisa ya ninka, shi ya sa jitar da ta cika ɗaki take komawa raɗa a bakin titi. Kada ka tare ƙofar kanti, kada ka matsa kusa da wani makaɗin har sautinku ya cakuɗe. Wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Doka kuma ta kowane gari daban take. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, alal misali, da lasisi ake kiɗa a cikinsu tun 2003. Ka tambaya kafin ka buɗe akwati.

Akwatin jitar shi ne asusunka, kuma inda ka aje shi yana da tasiri fiye da yadda ake zato. In yana dab da ƙafarka, mai kunya ba zai matso ba. In ya yi nisa, mai dogon hannu ya samu. Taku biyu gabanka ya isa, a ɗan karkace ta inda jama'a ke fitowa. Kada ka bar shi wayam: zuba 'yan sulalla da takarda ɗaya ko biyu daga aljihunka, mutane abin da suka gani a ciki suke kwaikwaya. Danne takardun da sulalla saboda iska. Duk hutu ka kwashe mafi yawa, akwatin da ya cika yana gaya wa mai wucewa ka riga ka samu.

Batun waƙa, manta da doguwar shimfiɗa. Ka gajarta gabatarwa, ka isa amshi da wuri, ka maimaita shi, tunda kowane minti sababbin kunnuwa ne. Waƙa 12 zuwa 15 da ka haddace sarai sun ishe ka zango guda na minti 45. Masu wucewa ba za su san ka maimaita ba, amma masu kantin da ke gefe za su sani, kuma su ne ke kai ƙara. Ka riƙa sauya jeri.

Kayan aiki kuma suna da nasu halin. Rana tana sa ƙarfen tsirkiya ya saki, sauti ya sauka, don haka nemi inuwa, ka duba saiti bayan waƙa uku ko huɗu da ɗan na'urar saiti mai maƙalewa a kan jita, wadda hayaniya ba ta ruɗa ta. Siraran tsirkiyoyi su ne suka fi tsinkewa idan ana dukan jita da ƙarfi don a rinjayi ƙarar mota. Riƙe cikakken saiti guda na ko-ta-kwana. In an yarda da lasifika, ƙaramar mai batir ta wadatar. Lasifikar Roland Cube Street, alal misali, wat 5 ce, batir AA shida take ci. Aje ta gabanka tana kallon jama'a. Da zarar bakin makirufo ya kalle ta, sautin zai riƙa zagayawa, sai ka ji wannan kuwwar mai tsinka kunne.

Tsirkiya in ta tsinke a sa wata, maƙogwaro ba shi da canji. Mai gasa da hayaniya yana ɗaga murya bai sani ba, kwana biyu sai ta dishe. In waƙa ta yi maka sama, sauke ta ƙasa kaɗan. Huta minti 15 bayan kowane zango, ka riƙa kurɓar ruwa. In ka ji kaushi ko zafi, ka naɗe kaya ko da kasuwa na ci.

Mako mai zuwa za mu koma bakin hanyar, ranar farko, da akwati a buɗe.